Alƙahira: Zaman Unguwa, Sauyin Gari da Fitar Shammun Nasim

Alƙahira, babban birnin Masar, tana zaune ne a daidai inda Kogin Nilu ya fito daga matsattsen kwarinsa zai rabu biyu ya bazu cikin ƙasar noma ta arewa kafin ya faɗa Bahar Rum. In aka haɗa ta da Giza da Shubra al-Khaima da sauran garuruwan da suka manne mata, mutanen da ke kwana a cikinta sun haura miliyan 20. Ta gabas dutsen Muƙaɗɗam ne da hamada, ta yamma dalolin Fir'aunoni ne da wata hamadar. Shekaru aru-aru jama'a suka yi suna cunkushe a siririyar ƙasar da ruwan kogi ke kaiwa, kuma wannan matsi shi ya tsara yadda suke gini, yadda suke zama da maƙwabta, har da yadda suke fita shan iska.

Birnin ya yi ta ƙaruwa ne ɓangare bayan ɓangare, kowane zamani ya kafa nasa kusa da na baya ba tare da ya share shi ba. Amru bin Asi ya kafa Fusɗaɗ a shekarar 641. Jauhar, kwamandan Faɗimawa, ya zana ganuwar Alƙahira a 969, a nan kuma aka gina masallacin Azhar. Khidiwi Isma'il, wanda ya yi mulki daga 1863 zuwa 1879, ya ga Paris ya dawo ya sa aka yanka manyan tituna da dandaloli tsakanin tsohon gari da kogi, wurin da ake kira Wusɗul Balad a yau. Wani attajiri ɗan Beljiyam, Baron Empain, ya fara gina Heliopolis a cikin hamada a 1905, ya ja mata layin tarago. Gwamnatin Jamal Abdul Nasir ta yanka Madinat Nasr, wadda ta cika da gine-gine tun daga shekarun 1960. Mutanen yammacin Afirka ma suna da tsohon sawu a cikin garin: tun ƙarni na 13 akwai makarantar Ibn Rashiƙ da mutanen Kanem suka ɗauki nauyinta domin ɗalibansu da alhazansu, kuma ana danganta sunan unguwar Bulaƙ al-Dakrur da Tukururawa. Har gobe ɗaliban Azhar daga Najeriya da Nijar suna zaune a Madinatul Bu'us da ke Abbasiyya da kuma gidajen haya na Madinat Nasr.

Yadda yini ke tafiya a unguwa

A tsofaffin unguwanni irin su Sayyida Zainab, Shubra, Darbul Ahmar da Imbaba, gari na wayewa ne a gaban amalanken mai wake. Da daddare ake ɗora babban tulun ƙarfe mai siririn wuya a kan wuta kaɗan, wake ya kwana yana dahuwa. Da safe sai a zuba shi a ƙananan kwanoni da mai da gishiri da lemun tsami, ma'aikata da ɗalibai su ci a tsaye, kafaɗa da kafaɗa. Kusa da shi akwai mai suyar ɗa'amiyya, wadda ake yi da niƙaƙƙen wake da ganye. Abin da ake haɗa su da shi gurasa ce, kuma gurasa a Masar maganar siyasa ce. Gwamnati na tallafa wa farashinta, mai katin tallafi yana da guda biyar a kullum. Da aka yi yunƙurin janye tallafin kayan masarufi a watan Janairun 1977, tarzoma ta ɓarke har sai da gwamnatin Anwar Sadat ta janye matakin. Daga ƙarshen shekarun 1980 gurasar tallafi ta tsaya a ƙirshi 5 har zuwa watan Yunin 2024, lokacin da aka mai da ita ƙirshi 20.

Galibin mutane a benaye suke zaune, gida bisa gida, kuma benen da ya amsa sunansa yana da bawwab, wato mai gadin ƙofa. Aikinsa ya wuce gadi. Shi ke share matakala, ya wanke motoci, ya sayo jarida da gurasa, ya karɓi saƙo, ya nemo mai gyaran famfo. Da yawansu 'yan ƙauyukan kudancin ƙasar ne, suna zaune da iyalansu a ɗaki guda a ƙarƙashin matakala ko a kan rufi. Ya san wanda ya shiga da wanda ya fita da ƙarfe nawa, don haka mai neman aure da mai neman haya da ɗan sanda duk wajensa suke fara tambaya. Masu gida suna jin daɗin hidimarsa, samari da 'yan mata kuwa suna shakkar idonsa.

Matar da ke hawa na biyar ba sai ta sauko ba in mai kayan miya ya zo wucewa. Takan zuro kwando da igiya daga baranda da kuɗi a ciki, a sa mata tumatir ko gurasa ta ja. Mai tukunyar gas yana sanar da zuwansa ta hanyar buga sifana a jikin tukunya. Mai sayen tsofaffin kaya yana tafe yana kwarara kira. Mai guga yana da ɗan shagonsa a kusan kowane lungu. Shara kuma aikin zabbalin ne, waɗanda akasarinsu Kiristoci Kibɗawa ne mazauna gindin Muƙaɗɗam, suna bi gida gida suna kwashewa, su kai unguwarsu su ware roba da takarda da ƙarfe su sayar.

Tafiya aiki ita ke cinye mafi yawan ƙarfin mutumin Alƙahira. Jirgin ƙarƙashin ƙasa, wanda layinsa na farko ya fara aiki a 1987, shi ne irinsa na farko a Afirka, kuma yana da taragun da aka keɓe wa mata. Inda bai kai ba, ƙananan bas-bas farare ke ɗauka, fasinjoji na miƙa kuɗi hannu da hannu daga kujerar baya har su isa ga direba, canji ya dawo ta hanyar da kuɗin suka bi. Cikin lungunan da mota ba ta shiga, keke mai ƙafa uku da suke kira tuk-tuk ne sarki, sau da yawa kuma yaran da ba su isa riƙe lasin ba ke tuƙa shi. Ana kiran direba da usɗa, dattijo da hajj, mai shago da mu'allim, wanda ake so a girmama ko a lallaɓa kuwa a ce masa basha, ko da ba shi da ko sisi.

Da yamma maza sukan tattaru a gidan gahawa. Kujerun katako ne da ƙananan teburan ƙarfe a bakin titi, ga shayi mai sukari da yawa, ga shisha, ga wasan ɗawula da domino. Kowace ƙungiyar abokai tana da gidan gahawarta, wani lokaci har da teburinta, kuma mai hidima ya san abin da kowa ke sha. A nan ake kallon wasan ƙwallon Ahli da Zamalek, a nan dillalin gidaje ke zama, a nan ake jin labarin aiki ko na mutuwa. Marubuci Najib Mahfuz, wanda ya samu kyautar Nobel a 1988, a unguwar Jamaliyya aka haife shi, kuma littattafansa uku mafi shahara sunayen titunan wannan yanki suke ɗauke da su. Wanda ya karanta shi zai gane cewa a wurin mutumin tsohon gari, lungu shi ne ma'aunin mutunci: a can aka san iyayensa, a can ake ba shi bashi, a can za a ɗauki gawarsa.

Yadda unguwanni suka sauya

Sauyi mafi girma da ya faru a Alƙahira cikin shekaru sittin da suka wuce, talakawa ne suka yi shi da hannunsu. Madatsar ruwa ta Aswan da aka kammala a 1970 ta kawo ƙarshen ambaliyar shekara-shekara, sai gonakin gefen gari suka zama wurin da za a iya gini. A daidai wannan lokaci dubban ɗaruruwan Misrawa suka tafi aiki ƙasashen Larabawa masu arzikin man fetur suna aiko da kuɗi. Manomi ya yanka gonarsa ya sayar, mai saye ya kafa ginshiƙan kankare ya cike da jan bulo, ya bar rodi a tsaitsaye a kan rufi domin ranar da ɗa zai yi aure a ɗora masa hawa. Tsoffin magudanan ban ruwa suka koma tituna, shi ya sa layukan waɗannan unguwanni suke dogaye, miƙaƙƙu, matsattsu. Ana kiransu ashwa'iyyat, kuma fiye da rabin mutanen birnin a cikinsu suke. Sunan na sa baƙo ya zaci bukkoki zai gani, alhali yawancinsu benaye ne masu ƙwari, malaman makaranta da ma'aikatan gwamnati da ƙananan 'yan kasuwa ke ciki. Abin da suka rasa shi ne fili. Da yake kowane taku na ƙasa da kuɗin wani aka saye shi, ba wanda ya bar wurin lambu ko filin wasa.

A tsofaffin unguwanni kuwa dokar haya ce ta daskarar da al'amura. Tun zamanin Nasir aka ƙayyade kuɗin haya, aka hana mai gida korar ɗan haya, har yarjejeniyar ta zama abin gado. Sakamakon haka a da akan tarar da gida mai ɗaki biyar a Zamalek ko Wusɗul Balad ana biyan hayarsa da kuɗin da ba zai sayi abincin rana ba. Wannan ya riƙe tsofaffi da gwauraye da 'yan fansho a unguwannin da aka haife su, ya kuma sa masu gidaje suka daina gyara, har wasu na addu'ar ginin ya faɗi su samu filinsu. Dokar 1996 ta saki farashin sababbin yarjejeniyoyi ta bar tsofaffin yadda suke. A watan Nuwamban 2024 Kotun Tsarin Mulki ta yanke cewa daskarar da kuɗin haya ya saɓa wa tsarin mulki, sannan a 2025 aka yi dokar da ta ɗaga kuɗin ta kuma ba gidajen zama wa'adin shekara bakwai, shaguna da ofisoshi shekara biyar, kafin tsohuwar yarjejeniya ta ƙare. Kowane ɓangare yana da hujjarsa, amma babu shakka wannan doka za ta sauya fuskokin da ake gani a baranda a unguwanni da yawa.

Masu hali sun daɗe da fara ficewa. An kafa birnin 6 ga Oktoba a hamadar yamma a 1979, Sabuwar Alƙahira ta biyo baya a gabas, dukkansu cike da rukunin gidaje masu katanga da ƙofa da masu gadi, ga ciyawa ga wurin ninƙaya a ciki. A watan Maris na 2015 gwamnatin Abdul Fattah al-Sisi ta ba da sanarwar gina sabon babban birnin mulki kimanin kilomita 45 gabas da tsohon, kuma ma'aikatu sun riga sun fara komawa can. Katafaren ginin Mujamma da ke dandalin Tahrir, inda duk mai neman takardar izinin zama ya taɓa yin layi, an kwashe ofisoshinsa. A waɗannan sababbin wurare babu kwandon baranda, babu amalanken wake a ƙofar gida. Mutum sai da mota, sayayya sai a babban kanti, maƙwabci kuma ana iya shekara ba a san sunansa ba.

Gidajen da masu hali suka bari da ɗakunan ashwa'iyyat sun karɓi sababbin baƙi. 'Yan Siriya da suka gudo bayan 2011 sun cika wani yanki na birnin 6 ga Oktoba da gidajen abinci da shagunan kayan zaƙi. Tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan a watan Afrilun 2023, unguwannin Faisal da Ardul Liwa suka cika da Sudaniyawa, kuɗin haya ya tashi, gunaguni ya biyo baya. Faɗuwar darajar fam ɗin Masar a 2016 da kuma 2022 zuwa 2024 ta ƙara matse kowa.

Sai rusau. A watan Satumban 2008 wani ɓangaren dutse ya ruguzo kan gidaje a Duwaiƙa ya hallaka mutum fiye da 100, daga nan hukuma ta fara lissafa unguwannin da ta kira masu haɗari. An gina rukunin benaye na Asmarat a kan Muƙaɗɗam, aka buɗe a 2016, aka kwashe dubban iyalai zuwa can. Sun samu ɗakuna masu tsabta da ruwa da wuta, sun kuma yi nisa da kasuwanni da wuraren sana'ar da suke ci da su. A 2018 aka rushe unguwar Maspero da ke bakin kogi a bayan gidan talabijin, aka ba mazauna zaɓin diyya ko ƙaura ko jiran gida a sababbin benaye. A 2022 aka janye gidajen katako na kan ruwa da suka daɗe a gaɓar Imbaba. Ayyukan tituna sun ci wani ɓangare na tsohuwar maƙabartar Ƙarafa, yankin da hubbaren Imamu Shafi'i yake, iyalai suka riƙa tone ƙasusuwan kakanninsu suna mayarwa sababbin maƙabartu a hamada, duk da cewa tsohuwar Alƙahira tana cikin jerin wuraren tarihi na UNESCO tun 1979.

Heliopolis ta nuna cewa abin bai tsaya kan talaka ba. Daga ƙarshen 2019 zuwa 2020 an cire ragowar layin tarago, an sare itatuwan da ke tsakiyar tituna, an faɗaɗa hanyoyi an kafa gadojin sama da dama domin motocin da ke wucewa zuwa sabon birnin mulki. Mota ta samu sauƙi, wannan gaskiya ne. Tsoho mai son tsallaka titi ya je masallaci ko shagon magani kuwa, yanzu layin motoci shida ko takwas ne a gabansa.

Inda ake samun ciyawa

Alƙahira na cikin manyan biranen duniya mafi ƙarancin lambuna in aka auna da yawan jama'a. Mafi yawan waɗanda take da su gadon ƙarni na 19 ne: lambun Azbakiyya da na Orman daga zamanin Isma'il, gidan namun daji na Giza da aka buɗe a 1891, da lambunan tsibirin Jazira. Azbakiyya ta yi ta raguwa, titi ya ratsa ta, aikin jirgin ƙasa ya ci gefenta. Filayen da suka fi kyau na kulob-kulob ne, irin kulob ɗin Jazira da Turawan Ingila suka kafa a 1882, inda shiga sai mamba, zama mamba kuma sai gado ko kuɗi masu nauyi.

Ƙari mafi muhimmanci na wannan zamani shi ne lambun Azhar. Wurin juji ne da aka shafe kusan shekara 500 ana zubar da shara da ɓaraguzai a kai, a bayan ganuwar gabas. Gidauniyar Aga Khan ta kashe kimanin dala miliyan 30 ta mai da shi lambu mai faɗin hekta 30, aka buɗe shi a hukumance a 2005. Garin haƙa aka tono wani dogon ɓangare na ganuwar zamanin Salahuddin da ya nutse a cikin juji. Daga kan tudunsa ana hango hasumiyoyin tsohon gari da ƙubbar masallacin Muhammad Ali. Ana biyan kuɗin shiga, haka ma sabuwar hanyar tafiya a ƙasa da aka gina a gaɓar kogi. Kuɗin ba su da yawa ga mutum ɗaya, amma magidanci mai 'ya'ya biyar sai ya yi lissafi. Wannan ya sa ake ganin iyalai sun shimfiɗa tabarma a kan ciyawar tsakiyar titi ko ta shataletale, motoci na wucewa ta kowane gefe, su kuma suna zuba shayi daga fulas.

Ranar Shammun Nasim

Sanyin Alƙahira yana janyewa ne a watan Maris, zafi mai tsanani kuma sai Yuni. Tsakaninsu akwai 'yan makonni da itatuwa ke fure, dare ya yi daɗi, rana ba ta ƙuna. Bikin wannan lokaci shi ne Shammun Nasim, wato shaƙar iska mai daɗi, ranar hutu ce ta ƙasa baki ɗaya. Kullum Litinin take faɗawa, washegarin Istar Kibɗawa, don haka takan zo tsakanin farkon Afrilu da farkon Mayu. Ko da yake kalandar coci ce ke tsayar da ranar, babu wata ibada a cikinta, Musulmi da Kirista duk suna fita. Misrawa na danganta ta da Shemu, lokacin girbi a shekarar mutanen Fir'auna. Kafa silsila marar yankewa daga wancan zamani zuwa yau abu ne mai wuya ga masana tarihi, amma tsufan al'adar ba a musunsa. Baturen Ingila Edward Lane, a littafinsa kan al'adun Misrawa da ya fito a 1836, ya bayyana yadda mata ke fasa albasa su shinshina da sassafe, jama'a kuma su fita bayan gari ko su hau kogi su yini a can. Wasu malamai na kallon bikin a matsayin abin da bai halatta ba, hukumar fatawa ta Masar, Darul Ifta, kuwa ta sha bayyana cewa al'ada ce ta zamantakewa wadda babu laifi a cikinta.

Abincin ranar sananne ne, ba ya canzawa. Akwai dafaffen ƙwai da yara ke rinawa kala-kala tun daren Lahadi, akwai latas, albasa mai lawashi, ɗanyen wake a kwansonsa da suke kira malana, da wani nau'in wake da ake kira turmus. Sarkin tabarma kuwa fasikh ne. Kifin buri ake shanyawa har ya kumbura, sannan a jera shi cikin ganga da gishiri mai yawa a rufe na tsawon makonni. In an buɗe, warinsa na cika bene tun daga ƙasa har sama. Ana ɓare shi a cire ƙaya, a matsa lemun tsami, a zuba mai, a ci da gurasa da albasa. Mai sana'ar ana ce masa fasakhani, yawanci gadon gida ce, kuma garin Nabaruh da ke lardin Daƙahliyya ya yi suna a kanta. Ga Kibɗawa akwai ƙarin dalili na wannan abinci, domin sun fito ne daga azumin kwana 55 da ba a cin nama ko kifi ko ƙwai ko madara.

Fasikh na iya kisa in ba a sarrafa shi daidai ba. Ƙwayar cutar da ke rayuwa inda babu iska takan saki dafi mai shanye jijiyoyi har numfashi ya tsaya. A watan Afrilun 1991 mutum 18 suka mutu a Alƙahira bayan cin gurɓataccen fasikh. Tun daga nan kowace shekara Ma'aikatar Lafiya ke gargaɗi, asibitoci su tanadi maganin dafin, jami'ai su kama tarin ruɓaɓɓen kifi a kasuwanni. Jama'a na saurare, sannan su tafi layin fasakhanin da iyayensu suka saba saye a wurinsa. Masu tsoro da waɗanda tsadar buri ta kora sukan koma ga ringa, ƙyafaffen kifi mai sauƙin kuɗi da sauƙin wari.

Fita tun da sassafe ake yi, domin wanda ya makara ba zai samu gindin itace ba. Iyalai sukan nufi lambuna da kwanduna da fulas da ƙwallo. Shekaru da yawa gidan namun daji na Giza ne ya fi ko'ina cika a wannan rana saboda arhar tikitinsa, har aka rufe shi a 2023 domin gyara. Tsohuwar fitar da ta fi suna ita ce ta Ƙanaɗir al-Khairiyya, madatsar da aka fara ginawa a zamanin Muhammad Ali a shekarun 1840, a inda kogin ya rabu biyu arewa da birnin. Tana da manyan lambuna da tsofaffin itatuwa, ana hayar keke da doki, kuma daɗin abin shi ne a tafi ta jirgin ruwa, ana kiɗa ana tafi tun daga Alƙahira har a sauka.

Samari da 'yan mata suna da nasu tsarin. Abokan makaranta ko na unguwa sukan haɗa kuɗi, wani ya ɗauki nauyin kifi, wani gurasa da lemo, wani tabarma da lasifika. A da shirin a gidan gahawa ake ƙulla shi, tunda kowa a lungu ɗaya yake. Yanzu da ɗaya ya koma 6 ga Oktoba, ɗaya Asmarat, ɗaya yana nan a Shubra, a WhatsApp ake yinsa, kuma gardamar da ta fi tsawo ita ce ta inda za a haɗu, domin tsakanin gabashin gari da yammacinsa tafiyar sa'a biyu ce in hanya ta cushe. Sau da yawa tsakiyar gari ke raba gardama. Akan yi hayar faluka, jirgin ruwa mai tafiya da iska, na sa'a ɗaya ko biyu bayan doguwar tayawa da mai jirgi. Waɗanda aljihunsu bai kai ba sukan shiga jiragen inji masu fitilu kala-kala da kiɗan mahrajanat mai tsage kunne, inda ake biyan kuɗi kaɗan a zaga a dawo. Wasu ko jirgin ba sa hawa, sai su tsaya a gadar Ƙasrun Nil tsakanin gumakan zakunan tagulla su ɗauki hoto. Gidajen rediyo da talabijin kuma sukan saka tsoffin waƙoƙin wannan lokaci na Farid al-Aɗrash da Su'ad Husni, waɗanda kowane gida ya haddace.

Cunkoson yana da nasa matsalolin. Cin zarafin mata a wuraren taro a ranakun hutu ya daɗe yana damun birnin. A 2014 aka gyara dokar laifuka ta ambaci wannan laifi da sunansa, kuma ana baza 'yan sanda mata a lambuna da bakin kogi, amma har yanzu ƙungiyoyin 'yan mata da yawa sun gwammace su biya tikiti mai tsada su shiga wuri mai ƙofa. Jiragen ruwa da ake cika wa kaya fiye da kima ma abin tsoro ne, shi ya sa 'yan sandan kogi ke ƙara sintiri. Masu hali dai ba su cika shiga wannan turmutsitsi ba. Sukan haɗa hutun da ƙarshen mako su tafi Ainus Sukhna a bakin Bahar Maliya, ko su ci fasikh ɗinsu a kan ciyawar kulob.

Akwai shekarun da bikin ke zuwa a karkace. A 2020 an rufe lambuna da bakin kogi saboda annobar korona, aka ci kifi a baranda. A 2021 da 2022 da 2023 ranar ta faɗo cikin Ramadan, kuma kifin gishiri ba abokin mai azumi ba ne saboda ƙishirwa, sai gidaje da yawa suka ci nasu kafin watan ya kama ko suka ɗaga shi zuwa ranar Ƙaramar Salla. Wani lokaci kuma iskar khamasin ce ke ɓata shiri. Iska ce mai zafi da ke tasowa daga hamadar kudu a wannan tsakani, ta turnuƙe gari da jar ƙura har rana ta dushe, masu ciwon asma su cika asibiti.

Bayan Shammun Nasim jarrabawar ƙarshen shekara ke matsowa, zafi kuma ya fara hawa. Daga Yuni fitar rana ta ƙare, shan iska ya koma na dare. Bayan sallar isha'i masu sayar da shayi da romon wake mai yaji sukan jera kujerun roba a kan gadoji da gefen kogi, inda iskar arewa ke bi ta kan ruwa, iyalai da abokai su zauna har ƙarfe ɗaya ko biyu na dare, kuma haka ake yi har zafi ya sauka a watan Oktoba.